Daga buhu zuwa fakiti: inda ribar citta, shayi da gahawa ke maƙalewa

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma kaso mafi tsoka yana fitowa ne daga Kudancin Kaduna, musamman ƙananan hukumomin Kachia, Jaba da Kagarko. Masu saye a ƙetare suna yaba ta saboda zafinta da yawan man da ke cikinta. Amma akasarinta tana barin ƙasar ne a tsattsage, busasshiya, cikin manyan buhuna, babu sunan manomi, babu na ƙauye. Sai ta isa Indiya ko Dubai ko Turai ake tsaftace ta, a niƙa, a auna gram hamsin-hamsin, a zuba a kwalba ko fakiti mai sheƙi. Daga nan ta tashi daga amfanin gona da ake cinikinsa da tan, ta koma haja mai suna da ake cinikinta da gram. Tazarar da ke tsakanin waɗannan farashi biyu ita ce 'yan siyasa ke nufi idan suna maganar ƙara wa amfanin gona daraja, kuma babban rabo daga cikinta yana hannun wanda ya mallaki ƙunshin da sunan da ke jikinsa.

Haka abin yake ga zoɓorodon Jigawa da Kano da ake lodawa zuwa Meziko kwantena-kwantena, da ganyen shayin Kenya, da gahawar Habasha. Shi ya sa batun irin ledar da aka zuba yaji a ciki, da abin da aka rubuta a bayanta, ya wuce sha'anin ado.

Abin da ƙunshi ke karewa

Mai sayen shayi ko gahawa ko kayan ƙamshi na alfarma, ƙamshi yake biya. Ƙamshin kuwa yana cikin wani ɗan mai ne da ke saurin bin iska. Da zarar an niƙa citta ko kanumfari, an buɗe masa ƙofa ke nan. Garin da aka bari a buɗe yakan wayi gari da launinsa amma babu ransa. Iskar oksijin tana lalata man da ke cikin soyayyar gahawa har ta yi ɗanɗanon tsufa. Hasken rana yana kodar da jan barkono, yana kuma dusashe koren shayi. Danshi ya fi su duka illa, domin shi ke kawo funfuna, funfuna kuma ke haifar da gubar afulatoksin wadda ke yi wa hanta lahani. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa a barkono, citta, kurkum da makamantansu, jimillar wannan guba kada ta wuce maikurogiram 10 a kowane kilo. Kwantenar da ta haura wannan iyaka a bakin tashar jiragen ruwa take tsayawa.

Ganyen shayi yana da nasa hali na daban: yana zuƙar danshi da duk wani wari da ke kusa da shi. Duk mai shagon da ya taɓa jera kwalin shayi kusa da sabulu ko kananzir ya san wannan. Saboda haka tun zamanin da ake kai shayi Ingila daga Sin da Indiya a jiragen ruwa, akwatunan katakon da ake zuba shi ana lulluɓe cikinsu da siririn fallen dalma, daga baya aka koma alminiyam. A yau manyan buhunan takarda masu rufi da yawa, da alminiyam a ciki, suka gaje su.

Ledar da ba leda ɗaya ba ce

Fakitin nan mai tsayuwa da gindinsa a kan kanta, wanda ya cika manyan shaguna a Abuja da Kano, wani Bafaranshe mai suna Louis Doyen ne ya yi rajistar fasaharsa a 1963. A ido leda ɗaya ce, amma yawanci falle uku ne aka manne wuri guda. Na waje roba ce mai ƙarfi da ake kira PET, kaurinta kamar maikuron 12, ita ke ɗaukar rubutu da launi. Na tsakiya fallen alminiyam ne wanda bai kai maikuron 10 ba, shi ne katangar da ke tare iska da haske da danshi. Na ciki kuwa roba ce mai laushi da ke narkewa idan ta ji zafin inji, ita ke liƙe bakin. Idan ana son rage tsada, sai a bar fallen alminiyam a yi amfani da robar da aka fesa wa ƙurar alminiyam. Tana sheƙi iri ɗaya, amma kariyarta ba ta kai ta asalin ba. Manyan kamfanoni sukan kuma hura iskar naitirojin cikin fakitin kafin a rufe, don ta kori oksijin ɗin da ya rage.

A nan ne ado da aiki suke fara sabani. Masu zane suna son ɗan tagar leda mai haske a gaban fakiti, don mai saye ya ga kayan da idonsa, kuma mai saye a kasuwarmu, wanda ya saba da taɓawa da shinshinawa, yana son hakan. Sai dai tagar nan hanya ce ga haske, kuma a wurinta babu alminiyam. Haka takardar nan mai ruwan ƙasa da ake yayi, wadda ke sa fakiti ya yi kama da kayan gargajiya marasa illa ga muhalli: takarda ita kaɗai ba ta tare iska ko danshi, don haka a bayanta akwai roba, sau da yawa har da alminiyam. Kamannin kawai aka saya.

Gwangwani da kwalba sun fi daɗewa a fagen. Gwangwani mai murfi biyu yana kare shayi sosai, ana kuma sake amfani da shi, shi ya sa ya zama alamar shayin kyauta. Kwalba ba ta shan wari, amma tana da nauyi, tana fashewa, kuma idan fara ce haske na ratsa ta. Ga mai tura kaya daga Kaduna zuwa Legas a kan hanyoyin da aka sani, nauyi da fashewa ba ƙaramin lissafi ba ne.

Gahawa tana da wata matsala tata. Bayan an soya ta, takan yi kwanaki tana fitar da iskar kabon. Idan aka rufe ta nan take, fakitin zai kumbura har ya fashe. Idan aka jira ta gama, ƙamshin ya tafi. Kamfanin Goglio na Italiya ne ya warware wannan a shekarun 1960 da wani ɗan bawul mai kama da maɓalli, wanda ke barin iska ta fita amma ba ya barin ta shiga. Wannan ɗan abu da mutane ke matsawa a shago don su ji ƙamshi shi ya ba da damar a soya gahawa a wata nahiya a sayar da ita da ɗanɗanonta a wata.

'Yar jakar shayi da ake tsomawa a kofi ta fara ne a Amurka a farkon ƙarni na 20. A baya-bayan nan kamfanonin shayi mai tsada suka koma wa jaka mai siffar dala, wadda ke ba manyan ganyaye sararin buɗewa, kuma da yawa daga cikinsu da zaren roba ake saƙa su. A 2019 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka tsoma irin waɗannan jakunkuna a ruwa mai zafin digiri 95, suka gano cewa jaka ɗaya na sakin ƙananan ɓurɓushin roba kimanin biliyan 11.6, ban da waɗanda suka fi su ƙanƙanta. An yi muhawara kan hanyar ƙidayar, amma binciken ya girgiza masana'antar, ya kuma ƙara wa kamfanoni matsin lamba su nemi zaren da ake samarwa daga tsirrai.

Suna a jikin kwali

Kafin a fara ƙunsa shayi, mai shago a Ingila daga akwati yake aunawa, kuma algus ya yi yawa: ana cakuɗa ganyen wasu itatuwa, ana busar da wanda aka riga aka dafa a rina shi a sake sayarwa. A 1826 John Horniman ya fara sayar da shayi a rufaffen fakiti mai cikakken awo da sunansa a jiki. Thomas Lipton ya ɗauki wannan dabara ya faɗaɗa ta bayan ya sayi gonakin shayi a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, a 1890. Abin da fakitin ya sayar tun farko shi ne amana: akwai wanda za a kama idan kayan suka fito da matsala. Har gobe a teburin mai shayi, sunan Lipton ya kusa zama sunan ganyen shayi kansa.

Misali mafi kusa yana cikin butar shayin da matasa ke dafawa a majalisa daga Agadas zuwa Kano. Koren ganyen nan daga Sin yake zuwa, amma ƙaramin kwalinsa don yankin Sahel aka tsara shi: hoton raƙumi ko buta ko rairayi, rubutun Larabci da Faransanci, sunayen da kunnen mai saye ya saba da su, da ƙaramin awo wanda ya yi daidai da zama ɗaya da kuma aljihun talaka. Masu wannan ciniki sun zauna sun nazarci wanda zai saya. Zane mai kyau ke nan, ko da ba shi da ƙyalƙyali.

A kasuwar kayan alfarma kuwa, abin da ake bugawa a fakiti bayani ne dalla-dalla: sunan yanki, tsayin gonar daga teku, irin shukar, yadda aka busar, ranar da aka soya. Wato ana sayar da sunan wurin da manomi yake. Tambayar da ta biyo baya ta siyasa ce: wa ya mallaki wannan suna?

Habasha ta yi wannan tambaya da babbar murya. A 2005 gwamnatinta ta nemi rajistar sunayen Sidamo, Harar da Yirgacheffe a matsayin tambarin kasuwanci a Amurka, domin kamfanoni na buga su a fakiti suna sayarwa da tsada alhali manoman yankunan na cikin talauci. Aka samu turjiya daga ƙungiyar 'yan kasuwar gahawa ta Amurka, ƙungiyar Oxfam ta ƙaddamar da gangami a kan kamfanin Starbucks a 2006, kuma a watan Yunin 2007 kamfanin ya rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta amince da mallakar Habasha. Habasha ba ta nemi a biya ta kuɗin lasisi ba. Abin da ta nema shi ne iko a kan sunan. Ko hakan ya kai ga aljihun manomi yadda aka yi fata, magana ce da har yanzu ake jayayya a kanta, domin mallakar suna ba ta sauya wurin da ake soyawa da ƙunsawa ba.

Siri Lanka ta bi ta wata hanya da ta fi kama bakin zaren. Tambarin zaki na hukumar shayin ƙasar ba a yarda a buga shi ba sai a fakitin da ke ɗauke da shayin Silon zalla, wanda kuma aka ƙunsa a cikin ƙasar. Da wannan sharaɗi guda, duk mai son tambarin dole ya bar aikin ƙunshi, da guraben aikinsa, a Kolombo. Merrill Fernando, wanda ya kafa kamfanin Dilmah a 1988, a kan wannan hujja ya gina kasuwancinsa: shayin da aka noma kuma aka rufe a inda aka tsinke shi. Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi, har yanzu mafi yawan nata a buhu yake bi ta kasuwar gwanjon Mombasa, a je a gauraya shi da na wasu a sa masa sunan wani. Maƙwabciyarmu Kamaru ta samu rajistar shaidar asalin yanki ga masoron Penja a 2013 a ƙarƙashin hukumar OAPI, Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, kuma farashinsa a gona ya haura ƙwarai bayan rajistar farko. Najeriya kuwa ta shafe shekaru tana jujjuya daftarin dokar irin wannan shaida, alhali cittar Kachia da barkonon Nsukka da kilishi duk sun cancanta.

Wanda ya fi kowa cin moriyar ƙunshi ƙasa ce da ba a san ta da noman gahawa ba. Suwizalan tana sahun gaba a duniya wajen darajar soyayyar gahawa da take fitarwa, kuma babban dalili shi ne 'yan ƙananan kofunan alminiyam na Nespresso, masu ɗauke da gram biyar zuwa shida kowanne. Tsarin harajin kwastam ma yana taimakawa: ɗanyar gahawa na shiga Tarayyar Turai ba haraji, soyayya kuma harajinta na yau da kullum kashi 7.5 cikin ɗari ne. Ƙasashe mafiya talauci kamar Habasha an ɗauke musu wannan haraji, amma ya nuna yadda aka gina tsarin tun asali, ɗanyen kaya ya shigo, aikin ya tsaya a can.

Me ya sa abin ke da wuya a gida

Matasa da dama a Kano, Kaduna, Jos da Abuja sun shiga sana'ar: yajin daddawa, garin citta, haɗin shayi mai kanumfari da na'ana'a, zoɓo a 'yar jaka, ana tallata su a Instagram da WhatsApp. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba akwai gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, ana kuma noman gahawa a can da Filato. Albarkatun suna nan. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙunshin.

Siririn fallen alminiyam, tawada, gam ɗin manna falle da falle, bawul, takardar jakar shayi, akasarinsu shigo da su ake yi, da dala. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuɗinsu ya bi canji ya tashi. Wannan kuma yana da tarihi. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba, Oku Iboku da Iwopin duk sun durƙushe, an sayar da su, kuma ba su dawo yadda aka tsara ba. Kamfanin narkar da alminiyam na Ikot Abasi ya shafe shekaru a kulle ana shari'a kan wanda ya mallake shi. Ɓangaren roba ne kawai ke da ɗan haske, saboda masana'antar Indorama da ke Eleme da kuma ta Dangote da ke Lekki.

Sai kuma batun bugawa. Injin da ke buga leda mai inganci yana buƙatar a sassaƙa wa kowane launi nasa gangar ƙarfe, don haka masana'anta ba ta karɓar aiki sai na dubban fakiti masu yawa. Matashiyar da ke sayar da fakiti ɗari uku a wata ba za ta iya ɗaure jarinta a nan ba. Abin da take yi shi ne ta sayi fakitin da ba rubutu ta manna masa sitika. Ba laifi ba ne, amma a kan kanta ɗaya da kayan Turkiyya ko Indiya, ido ya san bambanci. Bugun zamani na kwamfuta, wanda ba ya buƙatar ganga, ya rage wannan shinge, sai dai kuɗin kowane fakiti ya fi yawa. Wannan irin gibi ne cibiyar ƙunshi ta haɗin gwiwa, inda masu ƙananan sana'a ɗari za su yi tarayya a inji ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya, za ta iya cikewa, kuma kuɗinta bai kai na gadar sama guda ba.

Dokar NAFDAC ta 2022 kan rubutun jikin abincin da aka ƙunsa ta bukaci a bayyana sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, suna da adireshin mai yi, lambar rukuni da ranar ƙarewa. Masu ƙananan sana'a sukan ɗauki wannan a matsayin wahala, amma lambar rukunin nan ita ce ke ba da damar a janye kashi ɗaya idan an samu matsala, maimakon a yi wa ƙasa gaba ɗaya kuɗin goro. Najeriya ta ɗanɗana kuɗin goron a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta haramta shigar busasshen wakenta saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da ake zuba masa a ajiya. Zoɓorodo ma ya taɓa shan dakatarwa daga Meziko bayan an ga ƙwari a cikin kaya.

Waɗannan misalai biyu suna nuna cewa matsalar tana farawa tun a buhun farko, tun kafin a zo maganar fakiti mai sheƙi. Cittar da aka shanya a ƙasa a gefen titi, aka ɗura ta da sauran danshi a tsohon buhun taki, babu alminiyam ɗin da zai cece ta. Buhun algarara yana barin iska ta ratsa, amma yana barin danshi da ƙwari su ma, kuma wanda aka sarrafa zarensa da man fetur yakan bar wa kaya wari. Maganin ba baƙo ba ne a Arewa: buhun PICS mai rufi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don ajiyar wake aka kuma yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Masu cinikin gahawa ta alfarma a duniya sun daɗe da rungumar irin wannan leda a cikin buhunansu. Sharaɗinta ɗaya ne, kaya su bushe sarai kafin a rufe. A can ƙarshen kasuwa kuma, yajin da ake ƙunsawa a tsohuwar jarida yana shan tawada. Indiya ta haramta ƙunsa abinci a jarida tun 2019.

Ƙa'idojin da ke tafe

Wanda zai sayi inji yau ya kamata ya san cewa ƙa'idojin na sauyawa. Fakitin nan mai falle uku, wanda ya fi kowanne kare ƙamshi, kusan ba a iya sake sarrafa shi, domin raba roba da alminiyam bayan an manne su aiki ne mai tsada. Sabuwar dokar ƙunshi ta Tarayyar Turai, wadda ta zama doka a watan Fabrairun 2025, ta tanadi cewa nan da 2030 duk ƙunshin da ke kasuwarta ya zama wanda ake iya sake sarrafawa, jakunkunan shayi kuma su zama masu ruɓewa su koma taki daga 2028. Masana'antu sun riga sun karkata ga fakitin da aka yi da roba iri guda mai siririn shafe na kariya. A gida ma Jihar Legas ta haramta mazubin abinci na soso a watan Janairun 2024, ta kuma faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin amfani sau ɗaya a 2025.

Gwamnatin tarayya a nata ɓangaren ta fi karkata ga hanyar hani. A watan Agustan 2025 ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida don a tilasta sarrafawa a gida, kuma abin da ya fara biyo baya shi ne faɗuwar farashi a hannun matan karkara da ke tsintowa. Idan aka yi wa citta ko zoɓorodo irin wannan alhali babu injin busarwa, babu ɗakin gwajin da Turai ta amince da sakamakonsa, babu kuma fallen alminiyam a farashin da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya, manomin Kachia ne zai ɗauki asarar, shi da bai gama farfaɗowa daga cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023 ba.